DILLALIN GIDA DA TAKARDAR DA TA YI BARCI

 

Na san wata daga ganin kan maganar nan za ta taɓe baki ta ce, "Kai Anti, mu ina ruwanmu da dillalan gidaje? Wannan ai maganar su Baba ce, mu ki ba mu labarin soyayya." To ki tsaya ki ji, ƙanwata. Soyayyar nan da kike so, ina take ƙarewa? Ba a ɗaki ba? Ranar da aka ɗaura, aka yi kamu, aka yi buɗar kai, 'yan rakiya suka watse, ai cikin wani gida za a bar ki. Gidan nan kuwa, in dai a birni ne, da wuya a ce ba ta hannun dillali ya biyo ba, ko dai na haya ne ko na saye. Ban da wannan ma, da yawa daga cikinku marayu ne, akwai gadonku na gida ko gona a hannun wani kawu ko wani yaya, wata ran za a ce za a sayar a ba kowa rabonsa. Wata kuma uwarta ce ta shekara goma tana zubin adashe tana ƙulla ƙuli-ƙuli don ta sayi ɗan fuloti. Duk waɗannan dukiyoyi ta gaban mutum ɗaya suke wucewa, wato dillali. Ashe kuwa ya kamata mu san ko shi wane ne, wa ya ba shi izini, kuma yaushe izinin nan yake mutuwa.

Mu mata ba baƙin dillanci ba ne. Wace ce ba ta san dillaliya ba, mai shiga gida-gida da ƙullin atamfa da kwanuka da 'yan kunne, ta karɓi kayan wannan ta kai wa waccan, ta ci la'adarta? Sana'a ce tsohuwa a ƙasar Hausa, kasuwannin dabbobi da na hatsi duk da ita suke tafiya, har sarkin dillalai ake naɗawa. A da can jarin dillali shi ne fuskarsa. Kowa ya san gidan ubansa, ya san masallacin da yake salla, in ya ci amana ba shi da wurin ɓuya, mai unguwa zai aika a kira shi a gaban dattawa ya amayar da abin da ya ci. Wannan ita ce lasin ɗinsa, ba takarda ba hatimi.

Amma Gusau ta yau ba ta jiya ba ce. Ni a Sabon Gari na tashi, unguwar da tun asalinta ta baƙi ce, don layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya dire Kaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, shi ya jawo 'yan kasuwar gyaɗa da auduga da ma'aikata daga ko'ina, kuma baƙo dole ya nemi wurin kwana. Tun lokacin haya ta zauna da gindinta a unguwarmu. Sai kuma ranar 1 ga Oktoba 1996, Janar Sani Abacha ya yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta wayi gari babban birnin jiha. Ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Sakkwato, kowa na neman ɗaki ciki da falo. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya, ga malamai ga ɗalibai. Sannan ga babbar musibar da Allah Ya jarrabe mu da ita ta rashin tsaro, wadda ta kwaso bayin Allah daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da Maru da sauran wurare, suka baro gonakinsu da rumbunansu suka shigo birni da 'yan ƙullin kayansu. Jama'a ta yi yawa, gidaje sun yi kaɗan, kuma yanzu ba kowa ya san kowa ba.

To a irin wannan ruwa ne kowane kifi ke fitowa. Yau duk wanda ya sayi waya ya sami benci a gindin bishiya ya zama dillali, ko ejan kamar yadda samarin yanzu ke son a kira su. Mai shayi dillali ne, ɗan acaɓa dillali ne, wani ma a Facebook da WhatsApp kaɗai ofishinsa yake, hoton gida kawai zai turo miki ya ce ki turo kuɗin ganin gida. Ba na kushe su duka, wallahi akwai mutanen kirki a cikinsu masu tsoron Allah, waɗanda in kin ba su amana za ki yi barci da minshari. Sai dai wake ɗaya shi ke ɓata gari.

TAKARDAR DA KE RATAYE A BANGO

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a maƙwabtanmu, ba ji na yi ba, da idona na gani. Wata baiwar Allah ce, muna ce mata Gwaggo, daga wani ƙauye na ƙasar Tsafe. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku da ƙaramin namiji. Da zama ya gagara sai ta tattara abin da ya rage, 'yan shanun da suka tsira, da tumunin takabarta, da rabon yaran, har da 'yan kunnen gwal da ta yi aure da su, duk ta mayar kuɗi, ta ce gara ta saya wa marayun nan wurin da za su sa haƙarƙarinsu da ta yi ta biyan haya har kuɗin su narke. Tunani mai kyau, ko ba haka ba?

Aka haɗa ta da wani dillali mai ofis, ba na gindin bishiya ba. Ofis da labule da fanka da kujera mai juyawa, ga wata takarda mai tambarin gwamnati an sa ta a gilashi an rataye a bango. Ya kai ta ya nuna mata gida mai ɗaki uku da rijiya, ta gani ta yaba, aka yi ciniki, ta ba da kafin alƙalami mai tsoka, aka ce sauran sai wata ya kama a ba ta makulli. Wata ya kama, wani ya sake kamawa, makulli shiru. Yau a ce mai gidan ya yi tafiya, gobe a ce ɗan hayar da ke ciki ne ya ƙi tashi.

Ranar da ta shigo wurin Innarmu idonta ya yi jawur, ta zauna bakin tabarma ta ce, "Yaya, wanga al'amari ya fi ƙarfina. Mi za ni ce ma ɗiyan nan?"

Inna ta ce, "Ke kuwa da kika ba shi kuɗi, wa ya tsaya miki shaida?"

Ta ce, "Yaya, ai shina da takarda ta gwamnati, ga ta nan ga bango, kowa ya shiga sai ya gan ta."

Babbar 'yarta, wadda ke karatu a kwalejin horon malamai ta mata zalla da ke nan Gusau, ita ce ta yi abin da ya buɗe mana ido. Ta koma ofishin kamar mai neman haya, ta karanta takardar nan tsaf, ta kwafe suna da lamba a bayan littafinta. Ashe takardar rajistar sunan kasuwanci ce ta hukumar CAC, irin wadda mai shagon ɗinki ko mai gidan burodi ma ke da ita. Da ta shiga shafin hukumar a wayarta ta rubuta sunan, sai ga shi ya fito, amma a gefensa an rubuta kalmar Turancin nan mai nufin ba ya aiki. Rajistar ta yi barci.

Da aka bi diddigi kuma sai aka tarar gidan na gado ne, magada bakwai, ba a raba ba. Ɗaya daga cikinsu ne ya ba dillali shi a ɓoye, sauran ko labari ba su da shi. Aka je gaban mai unguwa, aka wuce kotu, aka yi ta sintiri. Kuɗin Gwaggo sun dawo, amma a gutsuttsure, yau kaɗan gobe kaɗan, kafin su gama dawowa kuɗin gidaje sun yi sama sun bar ta. Har yanzu haya take biya.

Yanzu mu warware zaren. Ita hukumar CAC an kafa ta ne a 1990 don yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci rajista, kuma a watan Agusta na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da take aiki da ita. Takardarta tana cewa ne kawai akwai wani kasuwanci mai wannan suna, ga masu shi. Ba ta ce mai ita ya iya dillanci ba, ba ta ce mai amana ne ba, ba lasin sana'ar gidaje ba ce sam. Sannan doka ta ɗora wa duk mai rajista ya riƙa kai bayanin kasuwancinsa duk shekara yana biyan ɗan kuɗi. In ya daina, sai a sa masa alamar nan ta ba ya aiki. In kamfani ya shekara 10 a jere bai kai ba, hukumar na da ikon ta goge sunansa daga littafinta ɗungurungum, kuma a 2023 ta yi shelar za ta goge kamfanoni har 100,000 saboda wannan laifi.

Kada in yi wa kowa ƙazafi. Rajista ta yi barci ba ya nufin mai ita ɓarawo ne, akwai 'yan kasuwa na gari da yawa da suka yi sakaci ko ba su ma san ana sabuntawa ba, kuma da sun biya abin da ake bin su za a tashe ta. Amma ni a ganina, mutumin da bai iya kula da takardar kansa ba, ina dalilin da za ki danƙa masa takardar gidanku?

SU WA KE DA LASIN NA GASKIYA?

Akwai su. A Najeriya akwai masu sana'ar ƙiyasta darajar gidaje da filaye da kula da su, waɗanda suka yi karatun abin. Ƙungiyarsu, NIESV, an kafa ta a 1969. Sannan a 1975 gwamnatin soja ta yi Doka mai lamba 24 wadda ta kafa hukumar yi musu rajista, ESVARBON. Wannan hukuma ita ke riƙe da littafin sunayensu, ita ke ba mutum lamba da hatimi, ita kuma ke da ikon ladabtar da shi ko ta cire sunansa in ya ci amana. Laifi ne mutum ya kira kansa da sunan wannan sana'a alhali ba ya cikin littafin. In banki zai karɓi gida jingina, ko gwamnati za ta biya diyyar gidajen da hanya ta bi ta kansu, ƙiyasin irin waɗannan mutane ake nema, mai ɗauke da hatiminsu.

Shi ma wannan izini ba rawanin sarauta ba ne da za a naɗa maka ka mutu da shi. Ana biyan kuɗin sabuntawa, ana halartar tarukan ƙara ilmi. Wanda ya yi watsi da su ba a ɗaukarsa mai cikakken izini sai ya sauke abin da ke kansa. Saboda haka in mutum ya ce miki shi mai rajista ne, tambaya biyu ce: mece ce lambarka, kuma ka sabunta ta bana? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, murmushi ma zai yi ya ɗauko miki.

Amma fa mu faɗa wa juna gaskiya, waɗannan ƙwararru ba su da yawa, akasarinsu suna manyan birane ne, kuma talaka mai neman ɗaki ɗaya a Sabon Gari ko Tudun Wada ba wurinsu zai je ba. Dillalin unguwa zai nema. Shi kuwa dillalin unguwa, a mafi yawan garuruwanmu na Arewa, abin da ke tsare shi bai wuce ƙungiyarsu ta dillalai da mai unguwa da tsoron Allah ba.

Mutanen Ikko su sun gaji da kuka sun ɗauki mataki. A farkon 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar da ta ƙarfafa wata hukuma mai suna LASRERA, wadda ta wajabta wa duk mai dillancin gida ko fili a jihar ya yi rajista ya karɓi izini, ya riƙa sabunta shi duk shekara, kuma ta ce la'adar haya kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Ko ana bi ko ba a bi wannan wata magana ce, amma dai wanda aka cuta ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

A Amurka kuwa abin ya fi haka tsanani. Kowace jiha ita ke ba da lasin ɗinta, sai ka yi kwas ka ci jarrabawa kafin ka sayar da gidan wani ka karɓi la'ada. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne, mutum da kansa yana iya zuwa ya ce a kwantar masa da lasin. Misali mace ta haihu tana son ta zauna ta yi reno, ko mutum ya sami wani aiki, ko rashin lafiya ta kama shi. Sai a rubuta a littafi cewa lasin wance yana nan bai mutu ba, amma ya kwanta. Muddin yana kwance, haramun ne ta yi dillanci ko ta tallata gida da sunan sana'a. Ranar da ta shirya dawowa sai ta cika sharuɗɗa, galibi ta yi karatun da ya wuce ta, ta biya kuɗi, a tashe shi. Kuma kowa na iya duba sunanta a intanet ya ga a kwance take ko a tsaye. Kun ga an raba tsakanin wanda ya huta da wanda aka kora, an kuma rufe ƙofar wanda zai riƙa kaɗa wa mutane tsohuwar takarda.

ƘASA TA WACE CE?

Nan ne wurin da nake so ku buɗe kunne sosai, don ko dillali waliyyi ne, in takardar gidan ba ta da kyau an yi aikin banza. Ranar 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar nan ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana saboda jama'a. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda a gidan zama galibi shekara 99 ake rubutawa, takardar shaidarsa kuma ita ce ake kira C of O. A cikin birni gwamna ke bayarwa, a karkara kuma ƙaramar hukuma na ba da irin nata na gargajiya. A nan Zamfara akwai hukumar ZAGIS a Gusau mai adana bayanan filaye a kwamfuta, can ake zuwa a bincika ko lambar fuloti ta dace da sunan mai cewa nasa ne.

Dokar ta ce mai irin wannan takarda ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna, in kuwa aka yi ba tare da ita ba cinikin na iya rushewa. Kada ku ɗauka wasa ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da wani mai suna Ajilo, ta ce jinginar da aka yi ba da yardar gwamna ba ba ta ɗauru ba. Banki guda da lauyoyinsa ke nan, ina ga Gwaggo mai 'yan kunnen gwal?

Ga kuma wani sashe da ya shafe ku kai tsaye, ku 'yan makaranta. Sashe na 7 na dokar ya hana gwamna ba wanda bai kai shekara 21 ba wannan haƙƙi da sunansa, sai dai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa masa. Amma in gado ne ya faɗo kanta, haƙƙin ya zama nata ko shekararta nawa. Don haka in saurayi ya zo zance yana hura hanci ya ce ya saya miki fuloti da sunanki kina 'yar shekara 17, ki yi murmushi ki ce, "Na gode, Allah Ya ƙara buɗi, a kawo takardar Baba ya gani." Nan za ki gane fulotin na ƙasa ne ko na baka. Su samarin nan, Allah Ya shirye su, wani gidan yayansa zai nuna miki daga cikin mota ya ce ginin da yake yi miki ke nan!

Akasarin filayen bayan gari kuwa awon igiya ne, wato mai gona ne ya yanka gonarsa da kansa ya sayar, ba awon gwamnati ba. Takardarsu ita ce ta cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu. Mutane da yawa a kansu suke zaune lafiya, amma nan ne aka fi sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, nan ne kuma ake wayar gari a ce wurin hanya ce ko makaranta. Kafin a biya ko sisi, a je a tambayi maƙwabtan filin ta gabas da yamma da kudu da arewa, a ga mai gonar ido da ido, ba dillali kaɗai ba.

In gidan gado ne kuma, kamar wanda ya ci kuɗin Gwaggo, tambaya ta farko ita ce: an raba? Ina takardar kotun da ta raba? In ba a raba ba, to sai kowane magaji ya yarda ya sa hannu, mace da namiji, na gida da wanda ke Kano ko Legas. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi bayanin haƙƙin shuf'a, wato in abokin tarayya ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba ga bare, sauran na da ikon su biya kuɗin su karɓe abinsu. Ke ma in ke ce magajiyar, ki sani ba wanda ya isa ya sayar da rabonki don kawai ke mace ce ko ƙarama ce. Allah da kanSa Ya yanka miki shi. Kunya adon mace ce, amma ba a ce ki yi kunyar tambayar inda gadon ubanki ya shiga ba. Ki sami Inna ko wani kawu mai tsoron Allah ki ce, "Kawu, don Allah ina son a nuna min takardar rabon nan in gani."

Maganar kuɗi ita ma doka ta taɓa ta. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da Naira miliyan 5 hannu da hannu, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. Masu harkar gidaje ma an ce su yi rajista da wani sashe mai suna SCUML da ke ƙarƙashin EFCC. Ni ko ba don doka ba ma na fi son banki, don takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa, ba ta tafiya ƙauye ranar shari'a, ba a kuma saye ta da goro. Kuɗin kuma asusun mai gida za su shiga, dillali la'adarsa kawai za a ba shi, wadda aka yanke tun kafin a fara. A rubuta komai, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ga Musulmi ya miƙa dukiyar marayu da "ai mun yarda da juna". Wanda kuma ya karɓi kuɗin mutane da yaudara, dokar damfara ta 2006 ta tanadar masa ɗaurin shekara 7 zuwa 20, sai dai kafin a kai can an sha rana.

Haya ma haka take. An sha yin amarya biyu a ɗaki ɗaya, wato dillali ya karɓi kuɗin ango biyu, ranar jere dangin wannan su zo da gado da katifa su tarar dangin waccan sun riga sun kafa labule. Ranar da ya kamata a yi guɗa sai a ɓuge da dambe. Ki gaya wa naki, cikin lumana da kissa, ya tabbata ya ga mai gidan da kansa, ya karɓi rasiɗi mai sunan mai gida da ranar shiga da ranar ƙarewa, makulli kuma ya shigo hannunsa kafin a sa ranar jere.

KE MA ZA KI IYA

Abin da ya fi ci min rai a duk wannan harka shi ne rashin mata a cikinta. Matan aure da zawarawa da yawa suna da kuɗin sayen gida, amma ba sa iya zama da namiji bare su yi ciniki, sai su wakilta wani, daga nan a fara yi musu ƙwange. Da a ce akwai mace 'yar'uwarsu mai ilmin abin, mai lamba da hatimi, wadda za ta shiga har ɗaka ta zauna a bakin gado ta karanta musu takarda layi-layi, da an rage hawaye da yawa a garin nan.

Karatun yana nan, ana kiransa ilmin sarrafa gidaje da filaye. Ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da jami'o'in fasaha na Minna da Bauci. Yana son lissafi da Turanci da ilmin tattalin arziki, don haka ke da ke aji huɗu ko biyar, kada ki riƙa gudun darasin lissafi kina ɓuya a ɗakin kwana. Bayan digiri ko babbar difloma sai bautar ƙasa, sai ki zauna ƙarƙashin wani mai rajista ki koyi aiki, ki rubuta jarrabawar ƙungiya, sannan hukuma ta gana da ke ta sa sunanki a littafi. Hanya ce mai ɗan tsawo, amma ba ta fi ta likita ko lauya ba.

In kuma aure ya zo a tsakiya, ga ciki ga goyo, har kika ga sai kin ɗan janye, to kada ki jefa takardunki a ƙasan adaka ki manta. Ki rubuta wa reshen ƙungiyarku ki sanar da su halin da kike ciki, ki riƙa biyan kuɗin shekara ko da ba kya fita, don bashin shekara ɗaya ya fi na shekara takwas sauƙin biya. Tun kafin a ɗaura ma a yi maganar da shi angon a gaban manya, a san cewa akwai sana'a a hannunki kuma za ki koma mata in yara sun yi wayo. 'Yar Gwaggo da na ba ku labari, yanzu duk matan layinmu in za su kama haya ko su sayi fili ita suke kira ta duba musu suna a waya ta karanta musu takarda, har sun fara ce mata Lauya, ita kuwa ta ce in ta gama kwalejin nan fom ɗin Bayero za ta saya.